Mita Arba'in daga Ƙofar Islamiyya

Ranar Talata da hantsi Luba tana aji tana koya wa ɗalibanta Fiziks, wayarta ta yi ta rawa a cikin jaka har sau huɗu. Da ta fita baranda ta ɗauka, sai ta ji muryar Baba Silas, makanikin da ke da gareji a bakin layinsu a unguwar Limawa cikin Dutse, abokin mahaifinta tun ba a haife ta ba.

"Luba, ki bar abin da kike yi ki zo caji ofis. Babanki yana nan da ransa, amma ya buge mutum."

Ba ta tuna yadda ta sami adaidaita ba. Kawai ta ga an sauke ta a ƙofar caji ofis.

Mahaifinta, Malam Marwa, shekararsa talatin da ɗaya yana tuƙi. Goma sha biyu na ƙarshe a gidan Alhaji Ziyad ya yi su, a unguwar Takur, kuma ko fentin motar wani bai taɓa gogewa ba. Wata guda kafin wannan rana Alhaji ya sayo motocin lantarki biyu iri ɗaya, farare, ɗaya tasa, ɗaya ta kai yara makaranta. Ta biyun ce aka danƙa wa Malam Marwa. A safiyar nan ya sauke yaran a wata Islamiyya a Limawa, kuma jim kaɗan aka ga motar ta bi ta kan teburin wani mai kankana, Lado, ta daki katangar shago har bulo ya zube. Lado ya karye a cinya da ƙugu. Da Baba Silas bai janye direban ya kulle shi a garejinsa ba, da mutanen layin sun gama da shi kafin 'yan sanda su iso.

Luba ta tarar da mahaifinta a kan benci, babu hula, leɓensa ya kumbura. Ba ta taɓa ganin kansa a buɗe a wajen gida ba.

"Baba, me ya faru?"

"A tsaye nake, Luba. Wallahi a tsaye nake a ƙofar makarantar. Yara suka shiga, na ɗaga ƙafa daga birki, sai motar ta tafi da kanta."

Mai binciken wata mace ce, Sufeto Nanret, doguwa mai magana a hankali. Ta kira Luba ofishinta ta nuna mata kujera.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. Yadda gaban motar ya shige, da yadda katangar ta zube, gudun bai gaza kilomita saba'in da biyar a awa ba, ƙila ya kai tamanin. Ni da kaina na ja tef daga ƙofar makarantar zuwa katangar. Mita arba'in ne. Shekarata goma sha huɗu a wannan aiki, ban taɓa ganin motar da ta tashi daga tsaye ta kai tamanin a mita arba'in ba."

"To me kike nufi, ranki ya daɗe?"

"Daga nesa ya taho da gudu, a layin da yara ke wucewa, sannan ya zo yana faɗin wata magana daban. Maigadin makarantar ya riga ya shige ciki, bai ga komai ba. Mutum biyu sun ce sun ga motar kamar an harbo ta. Abin da zan rubuta ke nan." Ta ajiye biro. "Ki yi addu'a mai kankanan nan ya tashi. In bai tashi ba, maganar ta fi ƙarfin wannan ofis."

Da la'asar aka ba da belin Malam Marwa, Baba Silas ya tsaya masa. A gida bai ci komai ba. Ya zauna a zaure yana jan carbi, duk lokacin da babur ya tsaya a ƙofa sai ya ɗago kai. Sau biyu wasu samari suka wuce ta gaban gidan suna nuna shi da baki. An ce ƙannen Lado ne.

Washegari Luba ta je garejin don ta yi godiya. A kan teburin, ƙarƙashin wata sifana, ta ga ɗan littafi mai sheƙi da hoton farar motar. Alhaji ne ya kawo wa Baba Silas tun ranar da aka sayo motocin, wai ya karanta ko da wani abu zai taso. Tana buɗewa ba da wata niyya ba, idonta ya faɗa kan layi ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe: daga tsaye zuwa gudun kilomita ɗari, daƙiƙa huɗu.

Ta nemi biro, ta juya bayan littafin. Irin lissafin da take ba ɗalibanta ne duk zango, amma sau uku ta yi shi don ta tabbatar. Duk ukun amsa ɗaya suka bayar. In abin da aka rubuta gaskiya ne, a mita arba'in motar ta kai tamanin da biyar.

"Baba Silas, a tsaye yake! Gaskiya ya faɗa!"

Ya karɓi littafin ya duba lambobin, ya mayar mata. Bai yi murna kamar yadda ta zata ba.

"Kai wa Sufeto ta gani," in ji shi.

Sufeto Nanret ta karanta lissafin har ƙarshe, ta ture littafin gefe.

"Wannan takardar talla ce, Malama. Mai sayarwa yana rubuta abin da zai sa a saya. Ba zan kai wa alƙali talla ba."

"To a gwada. Akwai 'yar'uwarta a gidan Alhaji, iri ɗaya ce, rana ɗaya aka kawo su. A gwada a gabanki."

"In kuma ba ta kai ba?"

Sufeto ta dube ta ido cikin ido, ta ci gaba.

"In ba ta kai ba, shi ma zan rubuta, kuma ke kika kawo mini shi da hannunki. Kin yarda?"

"Na yarda."

Alhaji Ziyad bai so ba. Tun ranar haɗarin aka lulluɓe tasa motar da tamfol, iyalinsa suka hana kowa kusantarta. Sai da Baba Silas ya je sau biyu kafin Alhaji ya ba da makulli, ya kuma ce shi ba zai je ba, ba ya ma son ganin hoto. Ran Juma'a labari ya zo daga asibiti cewa zazzaɓi ya rufe Lado, an sake shiga da shi tiyata.

Ranar Asabar da sassafe suka fita bayan gari ta wajen Kiyawa, inda akwai wata sabuwar kwalta miƙaƙƙiya da ba a fara bi sosai ba. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, duwatsun Dutse suna bayansu. Sufeto ta tura ɗan sanda ɗaya can gaba ya tare hanya, wani kuma ya tsaya a baya. Luba ta ja layi da alli a kan kwalta, suka ja tef mita arba'in, ta ajiye jarka ruwan ɗorawa a gefen hanya.

Tsarin mai sauƙi ne. Baba Silas zai tuƙa. Luba za ta zauna a gaba ta ɗauki bidiyon allon gudu da wayarta, ta yi ihu in sun zo daidai jarkar. Sufeto za ta zauna a baya da agogo, ta tsayar da shi in allon ya nuna ɗari.

Da Luba ta shiga ta rufe ƙofa, sai ta bi cikin motar da kallo. Komai na ciki irin na motar da ta gani a caji ofis ne, wadda gabanta ya shige har gilashi. Kujerun, sitiyarin, ƙamshin sabuwar fata. Baba Silas ya danna maɓalli, allo ya kawo haske, shi ke nan. Babu kukan inji, babu girgiza. Tana jin tsuntsaye a cikin gero, tana jin numfashin Sufeto a bayanta.

"Ta tashi ke nan?"

"Ta tashi," in ji shi. Ya yi addu'a a ransa, leɓɓansa suna motsi. Ita ma ta karanta abin da ya zo bakinta.

Sufeto ta ce, "Ɗaya, biyu, uku."

Motar ta zame gaba ba sauti. Jarkar ta taho, Luba ta ce, "Nan!" Suka ci gaba har allon ya nuna ɗari, sannan ya taka birki.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya," in ji Sufeto.

Suka mayar da bidiyon. A daidai ihun Luba allon yana nuna hamsin. Ta sake mayarwa, ta sake, lambar ba ta canza ba. Ta tuna mahaifinta a kan benci babu hula. Ita ce ta dage a zo nan, ita ce ta ce ta yarda.

"A sake," ta ce.

Suka koma kan layin alli. A karo na biyu motar ta fi zafi, har bayan Luba ya manne da kujera. Daƙiƙa bakwai. A jarka, sittin da huɗu.

Sufeto ta rubuta a littafinta. "Ta fi yadda na zata, amma sittin da huɗu ba tamanin ba ne. Sau ɗaya ya rage, ina da wani aikin."

Luba ta juya ta dubi Baba Silas. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin safiya, hannuwansa biyu sun damƙe sitiyari.

"Baba Silas, ka taka totur ɗin har ƙasa?"

Bai dube ta ba. "A'a."

"Don me?"

"Ƙafata ta ƙi, 'yata. Shekara arba'in ina taɓa mota, ban taɓa jin tsoron wata ba sai wannan. Kowace mota in ka matsa mata tana gaya maka. Wannan ba ta cewa komai."

"Don Allah, Baba. Kada ka lallaɓa shi. Ka take shi gaba ɗaya, da dukan ƙarfinka, kamar yadda za ka taka birki in wani abu ya faɗo gabanka."

Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Kamar yadda za ka taka birki. Sau biyu ke nan ta ga Baba Silas ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ba ta tafi da kanta ba. Iya abin da aka taka ta, iya abin da ta yi.

Sai a lokacin ya juyo ya dube ta, kuma ta gane daga idonsa cewa shi ya daɗe da sani. Tun ranar da ta nuna masa lissafin ya sani.

"Har yanzu kina so a yi?"

Ta ja bel ɗinta ta ƙara ɗaure shi. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kafa gwiwar hannu a cikinta.

"A yi."

"Ɗaya, biyu, uku."

Abin da ya biyo baya ba ta da abin kwatanta shi. Kanta ya bugi matashin kujera, ƙirjinta ya danne kamar an ɗora mata buhu, numfashi ya ƙi shiga. Babu ruri, sai wani siririn fito kamar na sauro a kunne. Geron ya zama koren bango. Jarkar ba ta taho ba, kawai ta gan ta a gefenta, ta ƙwalla ihu ba ta san me ta ce ba. Lambobin allon suna tsalle ba sa tsayawa a karanta su. Ta ji Sufeto a baya tana kiran sunan Yesu.

Ɗari ta bayyana. A daidai nan kan wani sa ya leƙo daga cikin gero a hannun dama, sai na biyu, sai amalanke a bayansu ɗauke da ciyawa. Wata 'yar hanyar gona ce da babu wanda ya lura da ita.

Baba Silas ya taka birki. Bel ya shaƙe Luba a kafaɗa, wayar ta kuɓuce ta daki gilashi. Ƙarƙashin motar yana kakkarwa, shanun suna ƙara girma a idonta, tana ganin igiyar hancinsu, tana ganin ƙudajen da ke kan idon na kusa. Ta runtse ido tana salati.

Da ta buɗe, motar tana tsaye. Tsakaninsu da shanun bai fi taku uku ba. Dattijon da ke kan amalanken ya dube su baki buɗe, sandarsa a sama. Bai ji zuwansu ba sam. Ya ce wani abu da ba su ji ba, ya kora shanunsa suka ƙetare a hankali, suka shige geron ɗaya gefen.

Baba Silas ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Luba ta buɗe ƙofa ta fita, ta durƙusa a bakin kwalta ta yi amai.

Sufeto Nanret ce ta tsinto wayar. Gilashinta ya tsage amma bidiyon yana nan. Ta tsuguna kusa da Luba, suka kalla tare. A daidai ihun, allon yana nuna tamanin.

"Agogona ya ce huɗu da rabi," in ji Sufeto. "Tallar ta yi ƙarin rabin daƙiƙa, ko kuma nauyinmu mu uku ne. Ko ma wanne ne, na gani da idona." Ta miƙa mata ruwa. "Na yarda a tsaye yake, Malama. Zan janye maganar ya taho da gudu daga nesa. Amma ke ma kin ga abin da na gani. Motar nan ba ta tafiya da kanta."

"Na gani, ranki ya daɗe."

"Gara ya faɗa da bakinsa kafin in rubuta."

Baba Silas ya mayar da motar Takur da gudun da bai wuce talatin ba, adaidaita suna wuce su suna hon.

Ta tarar da mahaifinta a tsakar gida bayan azahar, yana zaune a kan tabarmar sallah. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta faɗa masa komai, har da shanun. Ta faɗa masa tamanin ɗin. Sannan ta tsaya, don ba ta san yadda 'ya take gaya wa ubanta sauran ba.

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama.

"Wani adaidaita ne ya yanko gabana," ya ce. "Ina ɗaga ƙafa ke nan zan tashi. Na kai ƙafa birki da ƙarfi, sai motar ta yi tsalle. Na ƙara dannawa, ta ƙara gudu, na ƙara dannawa. A raina birki nake takawa, Luba, har na daki katangar. Da tsohuwar motar ce, da injin ya yi mini ihu na gane. Sai da na zauna a garejin Silas, ana dukan ƙofa, sannan na san inda ƙafata take."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Tsoro. Na ga in na faɗa, shekara talatin da ɗaya sun tafi a banza. Na ga kuma in mutumin nan ya mutu, ni na kashe shi, ba mota ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ɗauko mini hula. Mu je wajen matar nan, daga can mu wuce asibiti."

"Ƙannensa suna can."

"Na sani."

A caji ofis ya sake ba da bayani, ya sa hannu. A asibiti suka tarar da ƙannen Lado uku a baranda. Babban cikinsu ya miƙe ya tare ƙofa. Malam Marwa ya tsaya a gabansa, hannuwansa a ƙasa.

"Ni ne direban. Ba motar ba ce, ƙafata ce ta kuskure. Na zo in gaya wa ɗan'uwanku da bakina."

Saurayin ya dube shi ya dube shi. Daga ciki wata tsohuwa ta ce a bar shi ya shigo. Saurayin ya matsa gefe kaɗan, iya yadda mutum ɗaya zai wuce.

Lado yana kwance, an rataye ƙafarsa da ƙarfe, zazzaɓin ya sauka da asuba. Malam Marwa ya durƙusa a gefen gadon ya faɗi abin da ya faɗa wa Luba, bai rage komai ba. Lado ya saurara idonsa a rufe. Da aka gama ya ce ya ji, amma yau ba shi da ƙarfin cewa komai, a dawo wani lokaci.

Suka dawo bayan kwana uku, suka sake dawowa. A zuwa na huɗu ne Lado ya ce ya yafe.

Shari'ar ta ɗauki wata biyar. Bidiyon Luba da rahoton Sufeto suka shiga gaban alƙali. An sami Malam Marwa da laifin sakaci, aka karɓe lasisinsa, amma ba a ɗaure shi ba. Alhaji Ziyad ya ɗauki nauyin jinyar. Lado ya tashi yana dogara sanda, ya koma sayar da kankana a cikin kasuwa, nesa da titi. Babban ƙanensa kuwa har yau in ya haɗu da Malam Marwa a hanya sai ya kau da kai.